'Yar Gata a Rabon Gado

Ku da kuke zaune a rumfar nan kuna ɓare wayoyi kamar masu ɓarar gyaɗa, na san abin da kuke faɗa idan na juya baya. Kuna cewa Baba Isiya ya cika jan aiki, abin da za a cire a sa sabo sai ya tsaya yana shinshinarsa, yana kara kunne. Ba kullum nake jin haushi ba, amma wani lokacin ina ji. Ku kun tashi a zamanin da cajar wannan take shiga wancan, hoton da aka ɗauka a Tsafe ya buɗe a wayar mutumin Bunguɗu ba gardama, shi ya sa kuke ganin gyara wasa ne. Mu da muka fara taɓa kwamfuta a Gusau, kowace da halinta muka same ta. Wadda ta fi koya mini aiki kuwa ita ce wadda ta fi ba ni wuya. Sunan kamfaninta ba zai amfane ku da komai ba, ya daɗe da rufewa. Mu dai 'Yar Gata muke ce mata.

Ni da gyaran rediyo na fara, a hannun Oga Bala, wani siririn mutum mai shago kusa da tasha. Ya yi zaman Kaduna, can ya ga kwamfuta, ya dawo da ciwonta a zuciya. Kayan aikinmu kaf ba su cika jakar hannu ba: mita mai allura, sukundireba manya da ƙanana, tsohon buroshin haƙori, kilinar goge fensir, da ƙarfen narka dalma wanda muke ɗorawa a kan risho idan an ɗauke wuta. Aikin farko da ya ba ni a kan kwamfuta shi ne in zare katin da ke cikinta in goge haƙoransa na tagulla da kilina har su yi haske, in mayar. Na yi, ta tashi. Na ɗauka na zama injiniya. Washegari aka kawo wata, na yi saurin kai hannu zan kwance, sai ya bugi bayan hannuna da sukundireba. Ya ce in kunna tukuna in saurara, in kai hanci in ji, in tambayi mai ita yaushe ta fara da kuma abin da take yi kafin ta mutu. A wurinsa buɗe akwati shi ne abu na ƙarshe, kuma har yau a kan haka nake.

To, 'Yar Gata ta shigo Gusau ne lokacin da shagunan buga takardu suka fara yawa. Wani ɗan kwangila ya kwaso su da yawa daga Ikko, tsofaffi ne da aka gama yayinsu a Turai, ya raba wa ofisoshi da makarantu, ragowar suka faɗa hannun 'yan kasuwa. Kyakkyawa ce, fara sol, kuma ba ta ƙara ko kaɗan, abin da ya ja hankalin mutane ke nan. Sai da muka buɗe ta muka gane dalilin shirun: babu fanka a cikinta. An ƙera ta ne don ƙasar da ake kwana da bargo, aka kawo ta garin da ake kwana a tsakar gida.

Ba zafi kaɗai ne aibinta ba. Sauran kwamfutoci suna aron kayan juna, idan kibod ɗin wannan ya lalace ka ciro na waccan ka jona, aiki ya ci gaba. Ita kuwa ba ta cin abincin gidan kowa. Bakin kibod ɗinta daban, babu wanda yake shiga sai nata. Diskin da ta rubuta, ka kai shi wata kwamfutar sai a ce maka babu komai a ciki, wani lokacin ma 'yar uwarta da suka zo a mota ɗaya ba ta karanta shi. Rumbunta, wato ƙarfen da take adana rubutu a ciki, ba ya magana da kowace na'ura sai ita. Babban abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, akwatin ba shi da hanyar shan wuta ta kansa. Wutar tana shiga allon ne, wanda mutane suke kira talabijin, daga nan wata igiya mai kauri ta kai wa akwatin. Idan allon ya ƙone, akwatin ya zama kujera. Saboda wannan zaɓen nata Oga Bala ya raɗa mata suna, sunan kuma ya bi gari.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda bazara ta yi tsanani, wuta kuma ta riƙa zuwa da ƙarfi tana komawa kamar mai neman faɗa. 'Yan Gata suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da safe ka gyara, da azahar a dawo maka da ita tana warin ƙonannen roba. Babu inda ake sayar da kayanta, daga Kano har Ikko, sai dai ka yanka wata ka rayar da wata. Shagonmu ya cika da gawarwakinsu har ba wurin shimfiɗa abin salla. Masu kaya kuma ba su san kamfani ba, mu suka sani. Wata mai shagon buga takardu ta tsaya a ƙofarmu ta ce mu ne muke sace kayan ciki muna sa na banza, mutane suka taru suna kallo. Daga ranar Oga Bala ya daina cin abinci sosai. Kafin damina ta tsaya ya miƙa mini mabuɗi da jakar kayan aiki ya koma Kaduna. Ni ma na ja ƙofa na tafi gida Rawayya na yi noman gero, sai bayan kaka na dawo na buɗe, da kunya da komai.

Cikin duk 'Yan Gatan da suka shigo, guda ɗaya ce na san ta tsallake wannan shekara lafiya, ita ce ta Malam Bello na Bunguɗu. Malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, dattijo mai tsabta, mai son abin zamani. Ya saye ta da kansa, ya ajiye ta a ɗakinsa a kan tebur, ya ɗinka mata riga da farin yadi. Ba ya kunna ta sai da hantsi, kuma da ya ji bayan allon ya ɗumama sai ya kashe. Lokaci-lokaci yakan aiko in je in share mata ƙura, in duba igiyoyi. Ina son zuwa gidan, ba zan ɓoye ba, saboda furar matarsa.

Inna Hajjo Bafulatana ce, a ruga ta tashi, Malam ya gan ta ne yana yawon allurar shanu tun yana saurayi. Ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai baki irin nata ba. Idan ta fara labari, har kajin gidan sai ka ga kamar sun tsaya. Abin da Malam yake yi da kwamfutar ke nan: ita tana zaune a tabarma tana dama fura tana ba da labarin rayuwarta, shi yana bugawa da yatsu biyu. Na taɓa tambayarsa me zai yi da shi. Ya ce:

"Isiya, ni takarduna sun cika akwati, kowa ya san inda niy yi aiki. Ita ko duk abin da ta sani cikin kanta ya ke. In ta tahi, ya tahi."

Ita kuma ta harare shi ta ce, "Kai dai ka samu abin wasa. Malam Isiya, sha hurarka, ƙyale shi da akwatin aljanu nai."

Allah ya yi wa Malam Bello rasuwa, na je gaisuwa, daga nan ƙafata ta ɗauke daga gidan. Zamani ya juya, kwamfutocin hannu suka shigo, waya ta shigo, na manta da wata 'Yar Gata a duniya.

Wata ranar da hantsi ina shago sai ga wata mata da buhu a ka. Ta sauke, ta gaishe ni, ta ce, "Malam Isiya, ba ka gane ni ba? Luba ta, ɗiyar Malam Bello."

Na gane ta, autarsu ce, malamar firamare. Ta buɗe buhun, sai ga akwatin 'Yar Gata, ya yi ja saboda tsufa, da zanen gindin kwano a samansa. Ta ce Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya rufe, ko sunan 'ya'yanta ba ta iya kira. Hankalinta yana nan garau, tana ji, tana ganewa, amma magana ta tafi, kuma jikin kullum ƙara baya yake yi. Luba ta ce ta tuna duk maganar Inna tana cikin wannan akwatin. So take a fitar da ita a karanta mata tun tana ji, jikoki ma su san irin bakin kakarsu.

Na ce, "To, ina sauranta?"

"Wane saura? Wanga shi na rabona."

"Rabonki na mi?"

"Na gado mana. An raba ta."

Na zauna. Ashe da aka zo rabon kayan Malam, dattawan da suka yi rabon sun duba teburin suka ga kaya huɗu ne, ba ɗaya ba. Ga talabijin, ga tafireta, ga injin buga takarda, ga kuma wani akwati da ba a san amfaninsa ba. Babban ɗa, Alhaji Lawali, mai sayar da hatsi a Tsafe, ya samu talabijin. Ƙanensa Sanusi, ma'aikaci a nan Gusau, ya samu tafireta, wato kibod, tare da firinta. Akwatin da kowa ya raina shi ya faɗo wa mace. Ba wanda ya yi zalunci, sun yi iyakar saninsu. Da wata kwamfutar ce ma da ba komai, sai in jona mata allo da kibod na shago mu wuce wurin. Amma 'Yar Gata ce.

Duk da haka na gwada, don kada in ɗora wa baiwar Allah tafiyar da ba dole ba. Na zare rumbun na kai shi jikin duk tsohuwar na'urar da nake da ita, babu wadda ta san da zamansa. Na tono gawarwakin da suka rage a bayan shago ko zan samu allo mai rai, duk sun zama gidan gizo-gizo da ɓera. Na yi tunanin haɗa mata wuta da hannuna, na fasa, domin kuskure kaɗan zai ƙone abin da muke nema. Na ce wa Luba babu hanya sai an haɗo ta kamar yadda Malam ya bar ta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce yayyenta ba sa ga-maciji tun rabon gonar Nahuce. Ko duba Inna, idan wannan ya ji wancan yana gidan sai ya juya.

Sanusi na fara nema, tunda yana kusa. Firinta ta daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, amma kibod yana nan, 'ya'yansa sun mai da shi motar wasa, suna jan sa da igiyarsa. Haruffa kaɗan sun ɓalle, bakin igiyar dai lafiya lau, abin da na fi damuwa da shi ke nan. Ya ce zai kawo da kansa. Da ya ji sai an haɗa da allon da ke Tsafe, fuskarsa ta canja, amma bai janye ba.

Tsafe kuwa sai da na shirya. Na tarar da Alhaji Lawali a kan buhunan dawa, ƙaton mutum mai ƙaramar murya. Ya ce talabijin ɗin banza ne, ya sa masa eriya har ta saman bishiya bai kama ko tasha ɗaya ba, yana can cikin sito. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara, ya ce:

"Rabona na, shari'a ta ba ni. Ni ban hana Inna komi ba, amma kayana ba su zama inda kayan Sanusi su ke."

Raina ya ɓaci, ni kuma idan raina ya ɓaci bakina ba ya tsayawa. Na ce, "Alhaji, ni ban zo shirya ku ba, wanga ba sana'ata ba ta. Gyara ni ka yi. Talabijin ɗin ga naka shi ka ba akwati wuta, akwati shi ka riƙe da maganar mahaihiyarku, na Sanusi shi ka buɗe ta. Ba ni na ƙera ta haka ba. In ba ka yarda da kowa ba, ɗauko abinka da kanka, ka ɗora hannu bisa, in an gama ka koma da shi."

Sai ya tambaye ni ko Inna tana gane mutane. Na ce Luba ta ce tana ganewa. Ya ce in tafi, zai zo.

A ɗakin Inna muka haɗa ta, da sanyin safiya, da ƙaramin janareta na aro a can bayan katanga. Inna tana kishingiɗe a kan gado an tokare ta da matasai, ta rame ƙwarai, amma idanun nan nata suna nan. Da ta gan ni ta ɗaga hannunta mai lafiya ta yi alamar dama fura. Na yi dariya, hawaye kuma suka zo mini, na juya na shiga kwance igiyoyi. Lawali ya zauna a wannan kusurwa, Sanusi a waccan, kowa ya gaida uwarsa, ba wanda ya kalli ɗan uwansa.

Kafin in ba ta wuta sai da na buɗe allon na share shi tas, na canja kafasitocin da suka kumbura, wato 'yan ƙananan gwangwanayen da suke tara wuta, na sake narka dalma a duk inda ta tsage. Na kunna. Allon ya yi haske kore, akwatin ya yi ƙara ɗaya, amma rumbun shiru. Na san wannan ciwon. Rumbun da ya daɗe a ajiye yakan manne daga ciki, ya kasa juyawa. Maganinsa ba ya cikin littafi: ka zare shi, ka riƙe shi a tafin hannu, ka murɗa wuyan hannunka da sauri sau ɗaya, kamar mai fizge murfin kwalba. Idan ka yi a hankali ba zai saki ba, idan ka wuce kima ka kashe shi. Na yi bismilla na murɗa, na mayar, na kara kunne. Sai na ji ya fara kuka siriri yana hawa. Ban taɓa jin daɗin wata ƙara a duniya kamar wannan ba.

Rubutun Malam ya fito. Luba ta matso ta fara karantawa da ƙarfi:

"Ni Hajjo, gindin dutsin Kwatarkwashi anka haihe ni, cikin damana, ranar da jar saniyar babanmu ta haihu. Innata tac ce mu biyu anka yi ma barka, amma an hi yi ma saniya."

Wata irin ƙara ta fito daga maƙogwaron Inna, muka tsorata, ashe dariya ce. Malam bai gyara mata magana ba ko kaɗan, yadda ta faɗa haka ya buga. Har inda take cewa, "Malam, wanga kak ka rubuta shi," ya rubuta, sannan ya rubuta abin da ta hana: yadda take lakatar man shanun innarta tana ɗora wa kyanwa laifi.

Murna ba ta hana ni aikina ba. Hannuna yana bayan allon, kuma na ji ya fara zafi tun ba a je ko'ina ba. Na ce musu ga halin da ake ciki. Firinta babu. Diski ko na samu, abin da ta rubuta babu na'urar da za ta karanta. A lokacin kuma wayoyinmu ba irin naku ba ne da za a ɗauki hoton allo. Hanya ɗaya ta rage, a kwafe da hannu, kuma a yi sauri, don rumbun da aka tayar ta haka ba ya daɗewa. Luba ta kawo littattafan makaranta da biro. Sanusi ya fi su saurin rubutu, ya karɓa. Na ce ina bukatar mai fifita bayan allon, kada a tsaya ko kaɗan. Lawali ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga ba kowa sai shi. Ya ɗauki faifan Inna na rufe ƙwarya, ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa. Wurin kuwa ƙunci ne, gwiwarsa tana taɓa ta Sanusi.

Haka muka riƙa yi kowace safiya. Da rana ta ɗaga, allon ya fara rawa, sai in kashe. Ranar farko Lawali ya naɗe talabijin ɗinsa a bargo ya koma da shi Tsafe, ya dawo da shi washegari. Na ce masa girgizar mota za ta kashe shi, ya yi kamar bai ji ba, amma daga ranar ya bar shi a ɗakin, shi ma ya riƙa kwana a Bunguɗu. Maƙwabta suka fara leƙowa, jikoki suka cika bakin ƙofa. Muka ji yadda ake tashin ruga, da sunayen shanun babanta, da ranar da wani malamin allura mai gajeren wando ya zo ya kasa kama ɗan maraƙi, 'yan mata suka yi ta yi masa dariya, ita ce kan gaba. Idan Luba ta yi tuntuɓe a kalmar Fulatanci, Inna takan bugi gefen gado da hannu har sai an faɗa daidai. 'Yan uwan nan biyu dai ba su ce wa juna uffan ba. Idan Sanusi yana son a dakata, Luba yake gaya wa. Idan hannun Lawali ya gaji, ni yake kallo.

Ni kuwa kunnena yana kan rumbun. Tun safiya ta biyu na fara jin wani ɗan ƙwas a cikin kukansa, jefi-jefi. Kullum ƙaruwa yake. Ban gaya wa kowa ba sai Luba, na ce ta daina tsayawa dariya, ta karanta kawai.

Safiyar da abin ya faru, mun kai inda Inna take ba da labarin wata damina da ta kai yaranta ruga wurin iyayenta, Malam yana can wurin aiki. Sanusi yana goye, ƙyanda ta kama shi, aka ce idan ba a kai shi asibitin Bunguɗu ba za a rasa shi. Ta taso da shi, da Lawali yana ɗan yaro mai bin shanu, da saniya guda da babanta ya ba ta. Labari ne da kowa a gidan ya taɓa jin gefensa, ba wanda ya riƙe shi daidai. Luba tana karantawa:

"Da munka iso bakin gulbi, ruwa ya kawo, babu mai hito, ga yaro jiki nai kamar wuta. Niz zamna ina kuka. Sai Lawali yac ce mani"

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Rubutun ya tsaya cik, sannan allon ya cika da haruffan banza. Na kashe, na jira ta huce, na kunna. Na zare rumbun na murɗa, na mayar. Kukan ya hau ya faɗo, ya hau ya faɗo, ya yi shiru. Daga baya na kai shi shago na yi masa duk dabarar da na sani, bai sake juyawa ba. Amma tun a ɗakin na riga na sani, don hancina ya gaya mini. Na ce musu, "Ta tahi. Ku yi haƙuri, iyakar abin da ni ka iyawa ke nan." Na ji ciwon abin har cikin raina, domin na ga tsawon rubutun tun farko, na san da saura da yawa.

Luba ta rufe fuska da mayafi. Sanusi yana riƙe da biro a kan takarda, inda maganar ta yanke. Wani ya je ya kashe janareta, ɗakin ya yi tsit. Lawali bai daina fifita ba, kamar bai ji abin da na ce ba. Inna kuwa ba allon take kallo ba, shi take kallo. Ta ɗaga hannu ta nuna shi, ta bugi gefen gado.

Ya ajiye faifan a hankali. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Cewa niy yi ki zubar da nonon da ke cikin masaki, mu sa Sanusi ciki."

Inna ta gyaɗa kai.

"Kin shimhiɗa zanenki ciki, kin kwantar da shi. Ke kin kama wutsiyar saniya da hannu guda, guda kina riƙe da ni. Ni ko ina tura masaki da ƙirji. Jar saniyar nan ta."

Inna ta bugi gado da ƙarfi.

"A'a, ba ja ba. Baƙar, mai karyayyen ƙaho."

Ta gyaɗa kai, bakinta ya karkace da murmushi. Lawali ya ci gaba, yana faɗi yana duban fuskarta, inda ya kauce ta buga, ya dawo ya gyara. Ya faɗi yadda ruwa ya kai masa wuya, yadda masakin ya kusa kuɓuce masa a tsakiyar gulbi ya cafke bakinsa da haƙori. Maganar ta fara zubo masa da sauri. Ni na sunkuya ina naɗe igiyoyi don kada a ga idona, sai na ji biro ya ci gaba da tafiya a kan takarda. Can Sanusi ya ɗago kai, ya dubi ɗan uwansa ido da ido, ya ce:

"Yaya, sannu-sannu, hannuna bai kai bakinka ba. Koma daga inda kac cije masakin."